Jawabi Kan Zafin Jijiya Mai Daɗewa

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo.

Da yawanmu na fama da zafin ƙafa kamar an zuba barkono, musamman masu ciwon suga. Jijiya na aika saƙon ciwo ne idan sinadarin kalsiyam ya shige ta ta wasu ƙananan ƙofofi. Pregabalin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana rage shigarsa, sai zafin ya lafa.

To, amma amlodipine da nifedipine, ƙofofin hanyoyin jini suke tarewa. Na hawan jini ne, kada mu ari na maƙwabci don ciwon ƙafa. Shi ma pregabalin yana sa jiri, kuma akan saba da shi har a kasa bari. Likita ke rubutawa, ba mai kemis ba.

Allah ya ba mu lafiya, amin.