BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabi a taron shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu



An nemi mu ce wani abu game da tantance takardun shaida don amfani a ƙasashen waje. Abin da ya sa muka amsa shi ne wani ɗanmu da ya sami gurbin karatun likita a ƙetare, amma ya rasa shi. Yaron yana da ƙoƙari, kuɗin jirgi ma an haɗa. Sai aka duba aka ga takardar firamare ta ce Mamman, ta sakandare ta ce Muhammadu, fasfo kuma ya ce Mohammed, ga shekarar haihuwa iri biyu. Kafin a daidaita su, wa'adi ya wuce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mu tsofaffin malamai muna da hannu a wannan laifi. Tun da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, yara suka yi ta kwarara makaranta ba tare da takardar haihuwa ba. Mukan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai. In ya taɓo kunne, mu ce ya shekara shida, mu ba shi 1 ga Janairu. Wani mu liƙa masa sunan gari, wani sunan yayan da ya kawo shi. Ba mu san wata rana wani jami'i a Alƙahira ko Landan zai bi rubutun nan harafi-harafi ba.

Ga yadda al'amarin yake. Ƙasar waje ba ta san sa hannun shugaban makaranta ko na sakataren ƙaramar hukuma ba. Saboda haka kowace takarda sai ta hau matakala, na sama yana shaidar na ƙasa. A 1961 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan, wadda ta sa hatimi ɗaya ya wadatar a tsakaninsu. Nijeriya ba ta cikinta, don haka mu sai mun bi doguwar hanya.

Matakin farko shi ne inda takardar ta fito. Dokar 1992 ta ɗora rajistar haihuwa a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Baligin da ba a yi masa rajista yana yaro ba yakan yi rantsuwa a babbar kotu, sa'an nan hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Takardar asibiti da ta zaman ɗan asalin ƙaramar hukuma suna da ranarsu a gida, amma ba su maye gurbin wannan. Sakamakon jarrabawa kuwa, WAEC ko NECO ko jami'ar da ta bayar ita ke gaskata shi, takardar shaidar hali kuma daga 'yan sanda take fitowa.

Mataki na biyu, takardun karatu su je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja. Na uku, kowace irin takarda ta je sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje a buga mata hatimi. Na ƙarshe shi ne ofishin jakadancin ƙasar da za a je, wanda kan nemi fassara in harshensu ba Ingilishi ba ne. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, dawo da shi za a yi. Kowane hatimi kuma shaida yake a kan na gabansa. Ba ya gyara kuskuren suna.

Muna jan kunnenku game da 'yan kan-ta-waye da ke tsaye a bakin ofisoshi suna alkawarin gamawa a yini guda. Hatimin jabu yakan jawo a hana mutum biza, ko a koro shi bayan ya fara karatu. A biya kuɗin gwamnati ta hanyar da ta tanada, a riƙe rasit.

Roƙonmu uku ne. Na ɗaya, duk jaririn da aka haifa, a yi masa rajista cikin kwana 60, a tsayar da rubutun sunansa tun ranar suna. Na biyu, kowane magidanci ya baje takardun 'ya'yansa a tabarma, ya gwada su da abin da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa, kafin su cika fom ɗin jarrabawar fita sakandare, domin a lokacin gyara ya fi sauƙi. Na uku, ƙungiya ta naɗa mutum biyu daga reshen Abuja su riƙa yi wa yaranmu jagora, ta kuma saya wa makarantunmu akwatunan ƙarfe. Tsofaffin rajistocin da gara ke ci a can, su ne hujjar ƙarshe ta mutane da yawa a cikin zauren nan.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya mai da kowa gidansa lafiya.