MAƘOƘO DA GISHIRINMU: jawabin da aka yi a babban taron ƙungiya

Mu da muke koyar da yara a lakwal an ba mu izini mu yi magana a kan maƙoƙo. Muna roƙon ku saurara da kunnen basira, don maganar ta shafi ƴaƴanmu da jikokinmu.

Babu wanda bai san maƙoƙo ba a ƙasar Agye, Gazawa ko Gidan Rumji. Wasu na cewa ruwan rijiya ne, wasu gado, wasu kuma sammu. Ga abin da ilimin lokotoro ya tabbatar. A gaban wuyan kowane mutum akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, sunanta tiroyid. Ita ke fitar da sinadarin da ke tafiyar da girman jiki, ɗuminsa da aikin ƙwaƙwalwa. Ba ta iya wannan aiki sai da wani abu da ake kira iyod, wanda a Nijeriya ake ce wa aidin. In ta rasa shi sai ta yi ta kumbura tana neman ɗan abin da ya rage cikin jini. Yawancin maƙoƙon ƙasarmu ke nan.

Abin da jiki ke so kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar mikrogiram 150 a rana, mace mai ciki ko mai shayarwa 250. Mikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Duk abin da mutum zai ci na iyod tun daga haihuwa har tsufa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Amma dole ya riƙa samunsa a kai a kai.

To, kumburin wuya shi ne ido ke gani, amma ba shi ne babbar hasara ba. Jariri tun yana ciki, da iyod ɗin uwarsa ake gina ƙwaƙwalwarsa. In uwa ta rasa, ana iya samun ɓari ko haihuwar gawa. In rashin ya yi tsanani, yaro ya fito kurma ko bebe, ko ya tsumbure. In bai yi tsanani ba, yaro ya tashi lafiya lau a ido, amma karatu ya yi masa nauyi, na allo da na boko duka. Mu ce raggo ne, mu kai masa bulala, alhali tun cikin ciki aka rage masa rabonsa. Abin da ya ɓaci a lokacin nan ba ya gyaruwa daga baya.

Me ya sa mu? Iyod cikin teku ya fi yawa, har ma cikin tokar ciyawar teku wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano shi a 1811. Mu kuwa tsakaninmu da teku akwai kilomita 800 ko fiye. Ƙasar da ba ta da shi ba ta iya ba gero da wake, ba ta iya ba ciyawar da dabba ke ci. Bayan haka, rogon da ba a jiƙa ba, ba a dafa sosai ba, yana hana tiroyid amfani da ɗan abin da ta samu. Bincike a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna gero ma yana da irin wannan hali ga wanda ba shi da isasshen iyod. Ba mu ce a bar fura da tuwo ba, Allah ya kiyaye. Cewa muka yi mai cin gero ya fi kowa bukatar kula.

Ina ake samunsa? Kifin teku ne kan gaba: sardin na gwangwani, kifin sanyi da busasshen kifin da ke zuwa daga kudu. Kifin gulbi da na tabkin Madarumfa abinci ne mai kyau, amma iyod ɗinsa bai kai na teku ba. Sai ƙwai da nono. A nan muna roƙon iyayenmu su duba al'adar hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, da hana mai ciki. Ƙwan zabi da muke kaiwa kasuwa da damina, a bar wa gida rabonsa.

Amma hanyar da ta fi sauƙi ga talaka ita ce gishiri mai iyod, tun da babu gidan da ba a sa gishiri a miya. Mutanen duwatsun Suwis sun yi fama da maƙoƙo ƙwarai. Suka fara sa iyod a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, cutar ta ja baya. A nan Nijar, binciken da aka yi a lakwal-lakwal a 1994 ya nuna fiye da yaro 1 cikin 3 yana da maƙoƙo. A 1995 gwamnati ta kafa doka cewa gishirin ci ya zama mai iyod. Maƙoƙo ya ragu, amma doka ba ta shiga tukunya. Kantun Bilma, beza, gishirin Foga da manda ba mu raina su ba, sai dai ba a dogara da su wajen iyod. Gishirin da ake aunawa a buɗe cikin rana da ƙura shi ma yana iya rasa nasa.

Ga abin da muke ba taro shawara:

1. Maigida ya sayi gishirin leda mai rubutun "sel iodé" ko "iodized salt". In bai iya karatu ba, ya sa ɗan lakwal ya duba masa.

2. Uwargida ta ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da murhu da laima, ta sa shi in miya ta kusa sauka. Kada a ƙara yawansa, don yawan gishiri na kawo hawan jini. Ƙaramin cokali ɗaya a rana shi ne iyakar babba.

3. Ƴan'uwanmu na Kano, Ikko, Kwatano da Abijan, in za ku yi tsaraba, ku haɗa da gishirin leda da kifin teku, ku fara da gidan da ke da mai ciki.

4. A ba dabbobi gishiri mai iyod. Jar akuyarmu ma tana ɓari saboda rashinsa, kuma abin da ta lasa yana fitowa a nononta.

5. Mai kumburin wuya ya je likita a duba shi. Kada a yi masa tsaga ko sakiya. Wani kumburin ba na rashin iyod ba ne, kuma maƙoƙon da ya tsufa gishiri ba ya narkar da shi. Jan maganin iyod da ake shafa wa rauni kuwa ba na sha ba ne.

Iyayenmu, ku ne in kun yi magana ake ji. Ku faɗa a masallaci, a wurin suna da wurin aure. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya maida kowa gidansa lafiya.