Maharbin Wandala da baƙon Daura



Tarihin baka na Wandala yana cewa wani maharbi baƙo, Gaya, shi da sarauniya Sukda suka kafa sarautar Mandara. Bahaushe na jin haka sai Daura ta faɗo masa a rai. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya ratso Borno, ya sauka gidan tsohuwa Ayana da daddare, ya roƙi ruwa aka ce babu, sai Juma'a. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar Kusugu, ya fille kan macijiyar da ke hana ɗiban ruwa, ya auri sarauniya Daurama.

A 1949 wani Ba'amurke, Joseph Campbell, ya ce tatsuniyoyin jarumai duk hanyarsu guda: barin gida, shan wuya, komawa da abin alheri. George Lucas ya ɗora fim ɗinsa Star Wars na 1977 a kan haka. Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja ma ya koma gida da ruwansa, kuma marubucin littafin, Abubakar Imam, ya riga Campbell da shekaru.

Amma ni ina ganin awon nan bai kama namu biyun ba. Bayajidda bai koma Bagadaza ba, Gaya ma zama ya yi. Shi ya sa har gobe masu sarauta ke jingina asalinsu da baƙo.