Ciwon haƙori a lokacin annoba: jawabi ga matasan ƙungiya

Ƴan uwana matasa, maza da mata, kun tuna ranar 19 ga Maris 2020 da aka sanar da mutum na farko mai korona a Yamai. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatai har zuwa watan Mayu. To, ciwon haƙori shi bai san da wannan doka ba. Da yawanmu sun kwana riƙe da kunci, suna tsoron gidan likita fiye da ciwon.

Tsoron yana da dalili. Injin da likitan haƙori ke aiki da shi yana fesa ruwa da miyau cikin iska, ga shi ba a gyara haƙori da ƙyalle a baki. Shi ya sa a watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta aikin da ba na gaggawa ba, kamar wanke haƙora. Ba ta ce a zauna gida da kumburi ba.

Nan nake so ku saurara da kyau. Idan kunci ya kumbura, zazzaɓi ya shigo, kumburin yana hawa wajen ido ko yana gangarawa wuya, baki ba ya buɗuwa, haɗiyar miyau tana wuya, wallahi wannan ba na jiran gobe ba ne. Mugunya ce ke yaɗuwa daga tushen haƙori, tana iya toshe numfashi, tana kisa. A ɗauki mutum a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka ƙaramin yaro da dasashinsa ke jini yana wari, kunci ya soma kumbura: a kai shi ranar, don noma cikin kwanaki kaɗan take cin fuska.

Ku masu kabu-kabu da ƴan ƙwallo, idan haƙori ya fita ɗungurum, a kama shi ta kai, kar a taɓa saiwar. A ɗauraye shi, a mayar da shi raminsa, in ba a iya ba a jefa shi cikin madara, a isa wurin likita kafin awa guda. Na yara masu famfara ba a mayarwa. In jini ya ƙi tsayawa, a ciji tsumma mai tsabta minti 20.

Ciwon da babu kumburi kuwa, a kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, a sha parasetamol bisa ƙa'ida, kanumfari ma yana ɗan rage zafi. Amma don Allah ku bar ɗora asfirin kan dasashi, ƙona shi yake yi. Ku bar kafso ɗin masu tallar magani a tire, ku bar wanzami da awartakinsa.

In za ku je, ku fara kira ta salula, ku sa ƙyallen rufe baki, ku tafi ba rakiyar gayya. Mai tari ko zazzaɓi ya faɗa tun a bakin ƙofa. Ɓoyewa cutar da ɗan uwa ce, kuma addini ya hana. Wanda abin ya same shi cikin azumi kar ya jira sallah, ya je a duba shi, hukuncin azumin nasa ya tambayi malamanmu, ga su nan zaune tare da mu.