Sassaƙar icce mai ƙarfi: a bi kwanciyar jijiya

Iyayenmu dattawan Dungu, da ƴan uwa da suka zo daga Damagaram da Kano da sauran wuraren neman abinci, muna yi maku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan sassaƙa ce. Masassaƙanmu sun fi mu sanin gizago, sai dai yaranmu da yawa suna koyon aikin kafinta a birni, ba su zauna gaban tsoho sun ga yadda ake fitar da lanƙwasa ba. Shi ya sa ƙotar gatari, ko ƙafar kujera, ko bakin akushi, sai an kusa gamawa icce ya ɓantare, aiki ya lalace.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka hana sare gawo. Bayan farin 1973 da na 1984 manoman Matamaye da Magarya da Mirriya suka dinga barin tsiro a gonaki, gawo ya komo. Amma ƙirya da marke da maɗaci ba su saurin girma. Dokar daji ta 2004 kuma ba ta yarda a sare itatuwan da aka kare ba sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya ɓata guntun ƙirya, shekaru ya ɓata.

To, mene ne ke kawo ɓantarewa? Icce jijiyoyi ne a jere, kamar gashin jikin akuya. In ka shafa ta inda ya kwanta, sai ya yi sumul. In ka shafa ta baya, sai ya tashi. Haka kaifi yake: in ya shiga ƙarƙashin jijiya ya ɗaga ta, tsagar ce ke riga kaifin gaba, ta nutse cikin icce ta wuce inda aka yi zane.

A miƙaƙƙen katako hannu ɗaya ake bi. A lanƙwasa kuwa hanya tana juyawa a tsakiya. In wurin ƙusumbi ne, a fara daga ƙololuwa a gangara dama, a komo a gangara hagu. In wurin kwari ne, a taso daga baki biyu a haɗu a tsakiya, kada a haura ɗaya gefen. A taƙaice, kaifi gangara yake bi kullum.

Maɗaci yana da nasa hali. Jijiyarsa a sarƙe take, wani sashe ya kwanta nan, na kusa da shi ya kwanta can. Nan sai a karkata kaifi, a ɗauki kaɗan kaɗan, a ƙarasa da kankara, ko da fasasshiyar kwalba ce. Wajen ƙulli ma haka.

Kafin a cire nama mai yawa a cikin kwari, a tsattsaga shi da zarto har kusa da zane. In tsaga ta taso, a nan za ta tsaya. A yi aikin fari icce yana ɗanye, a bar kauri kamar yatsa, a shanya a inuwa, in ya bushe a gyara. Dutsen washi kuma ya zauna kusa, don dakusasshen ƙarfe tsaga yake yi, ba yanka ba.

Ku masu aiki da inji, ku lura: haƙorinsa hannu ɗaya yake juyawa, don haka rabin lanƙwasa yana bin jijiya, rabi yana saɓa mata. Ku yanke da zarto ku bar kamar milimita 2, ku ci rabin da ke gangara, ku kifa katakon ku ci ɗaya rabin. Ƙaramin guntu kada a riƙe shi da hannu kusa da haƙori, in inji ya fizge shi yatsa yake tafiya da shi.

Dattawa sun riga mu gano hanya mafi sauƙi. Mai neman ƙota yakan zaɓi reshen aduwa ko marke da ya lanƙwasa tun a bisa, jijiyarsa na bin lanƙwasar, ba ya tsagewa wajen sassaƙa, ba ya karyewa a gona. Muna roƙon masassaƙanmu, in yara sun komo gida da damina, su ja su su nuna masu wannan da hannu.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.