Hannun Yaro Da Idonsa: Ayyukan Yau Da Kullum A Ajin Firamare

Jawabi ga malaman makarantun firamare da iyayen yara na Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna

 Na san a cikinku akwai waɗanda suka yi sammako daga Kwoi, da Zonkwa, da Kagoro, da Gwantu, da Kaciya, suka bar gona da kasuwa domin su halarci wannan zama. Allah ya saka muku da alheri.

Zan fara da wani labari na ƙasar nan taku. A shekarar 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci wani kai na mutum wanda aka gina da yumɓu aka gasa. Ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya, ya zama mutum-mutumi. Daga baya kan nan ya kai hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos, ya dube shi da idon sani, ya ga ya yi kama da wani da aka haƙo a Nok a 1928. Daga nan ne duniya ta san cewa mutanen da suka zauna a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce gwanaye ne na ginin yumɓu. Abin da yake tsaye a gona ana wuce shi kullum, ashe taska ce. To, jama'a, haka kayan koyarwa suke a kewayen makarantunmu. Suna nan a gona, da kasuwa, da bakin rafi, suna jiran malamin da zai dube su da idon sani.

Inda Muka Fito

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka fi sani da UPE. Yaran da suka zo sun zarce ƙiyasin da aka yi, azuzuwa suka cika, malamai suka yi kaɗan. Domin haka aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta nemi a koyar da yaran firamare ta hanyar aiki da bincike da gwaji. A 1999 kuma aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, ilmin tushe ya zama shekara tara.

Tun kafin wannan, a farkon shekarun 1970, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da wani shiri na kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa. An tura malamai masu zagayawa makaranta makaranta, suna nuna wa 'yan'uwansu yadda za a sa yara su yi aiki da hannunsu, maimakon su wuni suna amsa abin da malam ya faɗa. Saboda haka abin da zan faɗa yau ba baƙo ba ne. An daɗe da saninsa, aikata shi ne ya yi mana wuya.

Ga abin da ke damunmu. Sau da yawa yaro yakan yi shekara shida a makaranta, ya iya rera jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu, amma in uwarsa ta aike shi kasuwa a cuce shi a canji bai sani ba. Yakan kwafe duk abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma in aka ba shi wasiƙar ɗan'uwansa ya karanta sai ya sunkuyar da kai. Uban da ya ga haka yakan ce gara yaron ya bi shi gona, kuma da wuya a ga laifinsa. Maganin wannan ciwo yana cikin abin da ake yi a aji kowace rana, daga buga ƙararrawar safe zuwa tashi.

Ayyukan Kowace Rana

Na farko, labarin safe. Bayan kiran suna, malam ya ba yara biyu ko uku dama su faɗi abin da suka gani a hanya ko a gida: akuya ta haihu, an yi ruwa da iska, baƙo ya zo daga Jos. Malam ya zaɓi jimla ɗaya ya rubuta a allo kamar yadda yaron ya faɗe ta, aji duka su karanta, su nuna haruffa, su kwafa. Yaro ba ya manta kalmar da ta fito daga bakinsa. A ƙasar nan aji ɗaya yakan haɗa mai jin Jju, da mai jin Tyap, da mai jin Hyam, da mai jin Hausa ko Fulatanci. Kada malam ya tsawata wa ƙaramin yaro don ya fara da harshen gidansu. Ya bar shi ya faɗa, wani yaro ya fassara, sa'an nan a rubuta. Binciken da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma.

Na biyu, kantin aji. A kusurwa ɗaya a ajiye gwangwanayen madara, da kwalayen ashana, da mudu, da yashi a madadin hatsi, da kuɗin takarda waɗanda yaran suka yanka suka rubuta da kansu. Yau wannan ne mai kanti, gobe wancan. Mai saye ya biya, mai kanti ya ba da canji, na uku ya rubuta ciniki a littafi. Tambayi yara gwangwani nawa ne ke cika mudu, amma kada ka faɗa musu amsa. Bari su auna, su yi gardama, su sake aunawa. Nan ne tarawa da ɗebewa da rabawa suke samun gindin zama.

Na uku, kwata ɗaya na karatu. Ko littafi biyar kaɗai makaranta ta mallaka, a raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta, a karanta bi da bi. Malam kuwa ya riƙa kiran yara uku kowace rana su karanta masa shi kaɗai, yana sa alama a littafinsa. A aji mai yara sittin, cikin kwana ashirin na makaranta ya ji muryar kowa, ya san wanda ke tafiya da wanda aka bari a baya. Da yayyafi kogi kan cika.

Ayyukan Zango

Bayan na kullum, ya kamata kowane aji daga na uku zuwa na shida ya ɗauki aiki ɗaya babba wanda zai bi tsawon zango. Zan kawo misali huɗu, kuma babu wanda ke bukatar kuɗi.

Awon ruwan sama. A sami gwangwani miƙaƙƙe wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya yara biyu su tsoma rula, su rubuta zurfin ruwan da milimita, su zubar. Ƙarshen wata a tara, a zana a jikin bango. Daga Afrilu zuwa Oktoba, aji zai mallaki tarihin daminar garinsu wanda su suka rubuta, su kuma gwada shi da na wata makaranta.

Sandar inuwa. A kafa sanda a tsaye a filin makaranta, a riƙa auna inuwarta da tsakar rana, wato wajen ƙarfe sha biyu da rabi, sau ɗaya a mako. Yara za su ga abin mamaki. A Kafanchan rana takan tsaya daidai bisa kai sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, har inuwar ta kusan ɓacewa. Tsakanin waɗannan lokuta inuwa tana faɗuwa kudu, sauran shekara kuwa arewa. In lokacin ya faɗa cikin hutu, yaro yana iya dubawa a tsakar gidansu ya kawo labari. Gani ya kori ji.

Kunyar citta. Kudancin Kaduna, musamman ƙasar Jaba da Kaciya da Kagarko, shi ne gidan citta a Nijeriya. A ba aji 'yar kunya ɗaya. Su auna nauyin irin da suka dasa, su ƙidaya kwanakin tsirowa, su rubuta ranar da aka rufe da ciyawa da ranar da aka yi noma. In an haƙe, su auna ɗanya, su tsaga su shanya, su sake aunawa, su faɗi abin da ya ragu da dalilinsa. Cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta jawo wa gidaje da yawa hasara mai tsanani, yara kuma sun gani da idonsu. A gayyato malamin gona ya yi musu bayanin yadda ake zaɓen iri mai lafiya da amfanin sauya gona. Abin da yaro ya ji a nan zai kai shi gida.

Taswirar garinmu. Kafanchan ta bunƙasa ne saboda hanyar jirgin ƙasa da ta iso a shekarun 1920, ta zama mahaɗa: layi ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos, ɗaya kuma ya gangara Makurɗi da Inugu har Fatakwal. A fita da yara waje su zana wannan a ƙasa da toka da tsakuwa, su sa duwatsun Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga kowanne a gurbinsa. Sa'an nan kowane yaro ya tambayi wani dattijo a gidansu daga ina kakanninsu suka zo, da wace sana'a suka yi. A haɗa amsoshin a ɗinke su, ya zama littafin aji. A gefe guda a ba su yumɓu su gina tukunya ko kan mutum, a ba su labarin Nok. Amma a gargaɗe su, in an tsinci kayan tarihi a gona, hukumar gidajen tarihi ake sanar wa, doka ta hana sayar da su.

Gargaɗi Ga Malamai

Akwai abubuwa uku da ke ɓata irin wannan aiki. Na ɗaya, malam ya mai da yara 'yan ƙwadago, ya tura su gonarsa ko ɗebo masa itace da sunan aikin hannu. Wannan cin amana ne. Duk aikin da bai ƙare da aunawa, ko rubutu, ko bayani daga bakin yaro ba, ba darasi ba ne. Na biyu, malam ya yi aikin da kansa don ya yi kyau ranar da sufeto zai zo. Karkatacciyar taswirar da yaro ya zana ta fi miƙaƙƙiyar da malam ya zana masa amfani. Na uku, a bar aikin a hannun yara biyar masu kaifin ƙwaƙwalwa, sauran su zama 'yan kallo. A riƙa juya aiki, a tabbata 'yan mata sun riƙe rula da littafin ciniki kamar yadda maza suka riƙe, mai naƙasa kuma a ba shi rabonsa.

Wajen raba ƙungiya, ina roƙonku ku gauraya yara. Garin nan ya ɗanɗana ɗacin rikici a 1987 da 2011, babu wanda ke son a maimaita. Yaro Kirista da yaro Musulmi waɗanda suka yi shekara suna tsoma rula a gwangwani ɗaya, suna musu a kan milimita biyu, sun koyi wani abu game da juna wanda wa'azi kaɗai ba zai koya musu ba.

Kira Ga Iyaye

Ya ku iyayen yara, in ɗanku ya dawo yana neman tsohon gwangwani ko kwalin ashana, kada ku ce malam ya bar karatu ya koma wasa. Ku ba shi. In ya zo da tambaya game da kakanninsa, ku zauna ku amsa masa. Ko ba ku yi boko ba, kuna iya jarraba shi: ku aike shi kasuwa ku sa ya lissafa canji a gabanku, ku ba shi takardar asibiti ko ta taki ya karanta muku. In ya kasa, ku je makaranta ku tambaya cikin mutunci, ku kuma kawo maganar a taron iyaye da malamai. Maƙeri, da mai ginin tukwane, da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kowannensu yana da darasin awa ɗaya da zai iya bayarwa in an gayyace shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malamai, ban manta da wahalarku ba: aji cike, benci kaɗan, alli ma wani lokaci sai an nema. Gyaran wannan haƙƙi ne a kan hukuma, kuma daidai ne ku ci gaba da nemansa. Amma yaron da ke aji biyu bana ba zai tsaya a aji biyu yana jiran a gama gini ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina roƙon kowane malami da ke nan, ranar Litinin mai zuwa ya fara da abu ɗaya tak, ko labarin safe ko kantin aji, ya riƙe shi har ƙarshen zango, sa'an nan ya gwada yaransa ya ga bambanci.

 Allah ya albarkaci 'ya'yanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.