Makaɗan Sitambeli na Tunisiya da Tarihin da Aka Yi Watsi da Shi

Maudu'in wannan lacca, wadda aka gabatar ga malamai da ɗalibai a Shanga, shi ne kiɗan Sitambeli, wato kiɗan warkarwa da jikokin bayi baƙar fata suka raya a Tunisiya bayan fatake sun ƙetara Sahara da kakanninsu daga ƙasar Hausa da Barno da maƙwabtansu. Ko da yake Ahmad Bey ya haramta bauta a ƙasar a 1846, 'yancin takarda bai kawar da ƙyamar launin fata ba, don haka 'yantattun bayin suka taru a gidajen haɗaka irin su Dar Barnu da ke birnin Tunis, inda baƙo yake samun masauki, mara lafiya kuma a yi masa kiɗa. Jigon kiɗan shi ne gumbiri, wani babban molo mai tsirkiya uku, tare da ƙarafa irin sambani da ake gwarawa da hannu. Lokacin da Bature A. J. N. Tremearne ya wallafa littafinsa kan bori a 1914, Hausawan Tunis da Tarabulus ne suka ba shi yawancin bayanansa.

Babu inda wulaƙancin da aka yi wa baƙar fata ya fi fitowa fili kamar a siffar Bu Sa'adiyya, ɗan wasan titi mai rufe fuska da fata, mai doguwar hula da gashin tsuntsaye, wanda yake ɗaura fatun dabbobi a ƙugu yana rawa yana gwara ƙarafa. Bisa labarin da ake bayarwa, uba ne da masu farautar bayi suka sace 'yarsa Sa'adiyya, ya bi sawu gari gari yana waƙa ko za ta ji muryarsa ta fito. Sai dai jama'a sun mai da wannan baƙin ciki abin dariya, iyaye suna tsorata yara da shi, masu ɗaukar hoto na zamanin mulkin Faransa kuma suna buga shi a katunan sayarwa ba tare da sunan mai rawar ba.

A 'yan shekarun nan masu fasaha da manazarta sun koma kan wannan tarihi. Richard Jankowsky, wanda ya koyi kiɗan a Dar Barnu, ya fitar da littafi a kansa a 2010, a Maroko kuwa 'yan uwansu makaɗan Ginawa sun sami bikin shekara a Essaouira tun 1998, har UNESCO ta sa kiɗansu cikin kayan gadon duniya a 2019. Tunisiya ma ta kafa dokar hukunta wariyar launin fata a 2018. Amfanin waɗannan ayyuka shi ne mayar wa makaɗi sunansa da asalinsa, domin al'ummar da aka hana rubuta tarihinta a waƙa take ajiye shi.

Wannan batu ya shafi ƙasar Yawuri kai tsaye, domin a nan ma akan ji daɗin kiɗa a raina makaɗi, har wasu gidaje su ƙi ba shi auren 'yarsu. Tun da madatsar Kainji ta cika a 1968, ruwa ya shafe garuruwa da tsibirai, aka sake wa dubban mutane matsuguni, kuma abu mai yawa daga tarihin Gungawa da Shangawa da Kambari ya rage ne a bakin tsofaffin mawaƙa. Wajibi ne makarantu da masarauta su naɗi muryoyinsu, su rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, tun suna da rai.